Yadda Kwarin Bayan Gidanmu Ya Shiga Cikin Waya

An haife ni a Gombe a shekarar 1998, shekara 2 bayan an cire jiharmu daga tsohuwar Jihar Bauchi an mai da garinmu babban birni, kuma na tashi a gidan da mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya gina da abin da ya tara a cinikinsa na kasuwar Tudun Hatsi. A bayan gidan akwai wata 'yar hanyar ruwa da ba ta kai a kira ta kwari ba, domin a tsallake ɗaya muke haye ta idan an aike mu, da rani kuma a cikin yashinta muke yin langa har a kira magariba. Duk wanda ya taɓa shigowa Gombe ta hanyar Bauchi ya san yadda mota take gangarowa kafin ta iso cikin gari. Kamar a cikin ƙwarya muke zaune, ƙasarmu kuwa yashi ce mai saurin zubewa. Da ma'aikata suka taru a sabuwar hedikwata, aka yanka gonakin da ke tudu aka mai da su filaye, aka rufe su da kwano da siminti, sai ruwan da a da yake nutsewa a gona ya rasa wurin shiga, ya riƙa haɗuwa yana gangarowa kanmu gaba ɗaya.

A daminar 2012, shekarar da ambaliya ta yi ɓarna a sassa da yawa na Najeriya, hanyar ruwan nan ta riga ta zama rami wanda idan babban mutum ya sauka ba a hango hularsa. Wani dare a watan Agusta muka ji ƙara kamar an juye tifar yashi, da muka fito da tocila sai muka tarar katangar baya ta tafi, ta tafi da ɗakin Goggo, yayar Baffa da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta. Allah ya sa ɗigar ruwa ta kore ta zuwa ɗakin Inna tun da farkon dare, amma gadonta da akwatinta da kwallayen da ta ajiye tun na aurenta da awaki biyu duk ruwa ya wuce da su. Da safe maƙwabta suka cika ƙofar gida ana ta Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar da alheri. Daga wannan shekara Baffa ya shiga sayen buhuna muna cika su da yashi kowace bazara, mutanen unguwa kuma suka ƙara ƙaimi wajen zuba shara a cikin ramin da zaton za ta cike shi, alhali ruwa ɗaya ne yake kwashe ta ya je ya toshe kwalbatin mutanen ƙasa da ita.

Ni kuwa a waɗannan shekaru hankalina yana gidan gem. Duk canjin da ya rage a aike can nake kai shi in buga ƙwallo a PlayStation, kuma na sha bulala a kan haka, don a wurin Baffa babu aikin banza kamar a zauna ana danna abu ana ihu. Son sanin abin da ke motsa 'yan wasan nan a talabijin shi ne ya kai ni karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a.

A 2019 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa da aka fi sani da 3G, da burin dasa miliyan 1 a kowace shekara, mu ma matasan unguwa muka karɓo tsirrai 60, galibi dogon yaro, muka jera su a bakin kwari. Mun yi hotuna, mun sa a Facebook, an yi ta yaba mana. Ba mu yi shawarar wanda zai riƙa ba su ruwa ba, ba mu kewaye su da ƙaya ko kwando ba, kowa ya ɗauka wani zai yi. Kafin zafin watan Maris ya wuce, da na bi na ƙirga, 7 ne suke da rai, kuma dukkansu a ƙofar gidajen da wani dattijo ko wata tsohuwa suke zubar da ruwan alwala ne. Na ga wannan da idona, amma ban fahimci abin da na gani ba sai daga baya.

Da aka rufe makarantu saboda annobar korona a 2020, na zauna a gida da tsohuwar kwamfutar cinya wadda batirinta ba ya riƙe wuta fiye da minti 20, na fara koyon Godot, wata manhajar haɗa wasanni da wasu 'yan Ajantina biyu suka ƙirƙira aka sake ta kyauta ga kowa a 2014. Na zaɓe ta ne saboda ba ta da nauyi kuma ba a biyan ko sisi. Idan an kawo wuta da ƙarfe biyun dare, a lokacin nake tashi. Cikin wata huɗu na haɗa wasana na farko, kuma yau idan na tuna shi kunya nake ji. Wani jarumin saurayi ne yake gudu cikin unguwa yana dasa itace, duk inda ya taɓa sai wuri ya yi kore nan take, maki ya hau. Can kuma wata mata ɗauke da gatari tana bin bayansa tana sarewa, aikin ɗan wasa shi ne ya kore ta. A saman allo na zana duniya da ma'aunin zafi a gefenta, idan ka dasa itace 100 sai ja ya koma shuɗi, an ceci duniya ke nan.

Na kai wa Goggo wayar tana tsinken zogale a tsakar gida, ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna matar da yatsa ta ce, "Ɗan nan, wannan baiwar Allah me ta yi maka kake korarta?" Na ce, "Goggo, ita ce mai sare itatuwa." Ta ajiye tiren ta ce, "To tuwon da ka ci jiya da dare, da me aka dafa shi? Ko ka ga tukunyar gas a gidan nan? Ka zana ni ka ba ni gatari, ka zana kanka ka ba kanka kyau, kai da ka dasa sittin ka bar wa awaki." Ban sami abin cewa ba. Ƙannena da suka karɓi wayar kuwa cikin minti goma suka gano cewa ba sai an yi tunani ba, a yi ta danna allo kawai, suka ceci duniya sau uku kafin la'asar, suka ajiye suka koma ƙwallonsu.

Baffa bai ko karɓi wayar ba. Yana tsugune a gindin dogon yaron ƙofar gida suna dara da abokinsa, sai ya tambaye ni mutum nawa suke yin wasan. Na ce mutum ɗaya. Ya ce, bai ɗago kai ba, "To wa ya ci wa?" Da daddare, da ya ga jikina ya yi sanyi, ya kira ni ya ba ni labarin yadda ake gayya a ƙauyensu ta wajen Kumo lokacin ƙuruciyarsa: mai gona ya sanar, ya tanadi fura da goro, samari su fito da garemani, makaɗi yana binsu yana zuga, a gama a yini ɗaya noman da zai ɗauki mutum guda mako biyu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙarshen labarin, da ya ce wanda aka yi wa gayya ya ƙi fita ta wani, ba a kai shi ƙara wurin kowa, ranar tasa ce kawai zai dafa abinci ya zauna shi da ƙudaje. Na kwana ina juya maganar, domin a cikinta na ga duk abin da wasana ya rasa, wato mutane da yawa masu buƙatu daban-daban, da aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, da hanyar da ake gane wanda ya zame.

Na share komai na sake farawa, na sa wa sabon wasan suna Gayya. Mutum huɗu suke yinsa a waya ɗaya, ana miƙa ta hannu zuwa hannu kamar yadda ake karɓa-karɓa a dara, saboda na san a unguwarmu ba kowane yaro yake da waya ba, kuma ba na son wasan ya nemi data. Ɗaya yana riƙe da gidan tudu, ɗaya gidan gangare a bakin kwari, ɗaya mai kiwon awaki da tumaki, ta huɗu kuma mai abincin sayarwa wadda dole ta hura wuta kullum. Kowa yana da kwanakin aiki ƙidayayyu a kowane lokaci na shekara, rani da bazara da damina da kaka, kuma kowa yana da gidan da zai ciyar. Ranar da ka ba wa gayya, ka yashe lambatu ko ka yi ban ruwa ko ka ɗebo duwatsu, rana ce da ba ka nemi na cefane ba. Babu mugu a cikinsu. Mai awaki idan ya ɗaure dabbobinsa sai ya sayi harawa da dusa, idan ya sake su kuma su cinye dashen jama'a. Mai abinci idan ta bar itace da gawayi sai ta nemi kuɗin murhu mai tsimin itace ko na gas, kuɗin da ba ta da shi sai an shiga adashe.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne ruwa, kuma a nan ne wani malamin sashen nazarin ƙasa ya taimake ni, Allah ya saka masa da alheri. Na raba taswirar unguwar gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida da tsayinsa da irin abin da ya rufe shi. Idan aka yi ruwa, kowane gida yana shan abin da zai iya sha ya miƙa sauran ga maƙwabcinsa mafi gangare. Rufin kwano da daɓen siminti ba sa shan komai, yashi tsirara yana sha kaɗan amma yana sakin jikinsa idan ruwan ya yi ƙarfi, wurin da ke da ciyawa irin jema ko gamba yana rage wa ruwa gudu yana riƙe ƙasa da saiwoyinsa. Na kai wa malamin na nuna masa kwarina yana faɗaɗa yana bin gangare, sai ya girgiza kai ya ce, "Ka yi kuskure ɗaya babba. Kwari da baya yake ci." Ya zana mini a takarda yadda ruwa yake faɗowa daga bakin ramin kamar daga indararo, ya ƙwaƙule gindin bangon, saman ya rasa abin tsayawa ya rufta, kan kwarin ya matsa gaba zuwa tudu, haka kowace damina. Ashe mutanen tudu da suke sakin ruwansu da shararsu suna ganin sun tsira, kiran kwarin suke yi zuwa ƙofar gidansu, sai dai zai ɗauki shekaru kafin ya amsa. Na koma na yi mako uku ina gyara lissafin, kuma wannan gyara shi ne ƙashin bayan wasan har yau, domin shi ne ya ba mai gidan tudu dalilin fitowa gayya ba don tausayi kaɗai ba.

Itace kuma na mai da shi abin wahala, kamar yadda yake a gaske. Dasawa rana ɗaya take ci, amma tsiro ba ya zama itace sai ya tsallake rani uku, ana ba shi ruwa, yana kewaye, kuma ruwan a wurin 'yan garuwa ake sayensa jarka-jarka. Dogon yaro yana da saurin girma da juriya, tsamiya da ɗorawa suna jan lokaci amma daga baya su ba da abin miya da abin sayarwa, gawo kuwa na ba shi halinsa na musamman, ya zubar da ganye da damina lokacin da gero yake neman rana, ya yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabbobi suke neman abinci, shi ya sa a wasan mai awaki yakan fi kowa kare shi. Na ƙara da abin da na karanta game da manoman yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, waɗanda tun shekarun 1980, tare da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, suna zaɓen rassa masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran. Sassabin zamani suke kiransa, kuma ta wannan hanya aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a ƙasar. A cikin Gayya renon kututture ya fi sabon dashe arha da tabbas, amma ban rubuta hakan a ko'ina ba, na bar wa masu wasa su gano da kansu. Da na ba Baffa labarin sai ya yi dariya ya ce kakansa ma haka yake barin gawo a gona, ba a kira shi zamani ba a lokacin.

Akwai abu biyu da na yi gardama da abokaina a kansu. Na farko shi ne duniyar nan mai ma'aunin zafi, wadda na cire gaba ɗaya. Wani abokina ya ce idan babu ita ai wasan bai zama na sauyin yanayi ba, kuma masu ba da tallafi daga waje ita suke son gani. Amma Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma in gaya wa yaro a Gombe cewa dogon yaronsa 100 zai sauke zafin duniya ƙarya ce, ko da kuwa ƙarya ce mai daɗin ji. Abin da itacen zai yi masa shi ne inuwa a watan Afrilu, da riƙe ƙasar bayan ɗakin uwarsa, kuma wannan ya isa dalili. Sauyin yanayi na sa shi a inda muke jinsa a jikinmu: yayin da shekarun wasan suke tafiya, damina tana ƙara rikicewa, ta makara, ko ta fara ta ɗauke bayan an yi shuka, ko ta zubar da ruwan wata guda a dare biyu. Na biyu kuma, wasu sun so a ba ɗan wasa hanyar sarrafa ruwan sama idan ya tara maki. Na ƙi. Ruwa na Allah ne, kwamfuta ce take jefa ƙuri'arsa a wasan ba tare da ta duba ƙoƙarin kowa ba, kuma yana yiwuwa ku yi komai daidai a yi muku dare ɗaya da zai tafi da gida. Wani malamin Islamiyya da ya gwada wasan ya ce wannan ne ya kwantar masa da hankali, sannan ya tuna mini da hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Na sa shi a allon da ke bayyana ranar da tsamiya ta fara 'ya'ya.

Matsalolin na'ura ba zan tsawaita a kansu ba, ko da yake su suka fi hana ni barci. Wayoyin da ke hannun jama'a ƙananan Tecno ne da itel masu ƙarancin wurin ajiya, don haka na matse hotuna har wasan ya koma abin da za a tura ta Xender cikin 'yan daƙiƙoƙi. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da farko akwatuna suka riƙa fitowa a madadinsu, wani ya ce in cire ƙugiyoyin kawai, na ce a wasan da ake maganar kare ƙasa kada ta ƙare ba zai yiwu a rubuta kare da ƙare iri ɗaya ba. Daga baya na samo salon haruffan Noto wanda yake ɗauke da su. Saboda waɗanda ba sa karanta boko, ƙanwata ta karanta dukkan saƙonnin muka naɗa cikin dare a ɗakin Inna, mun toshe taga da bargo don kada ƙarar janaretan maƙwabta ta shiga, Goggo kuma ta yi mana na Fulatanci, tana yi tana gyara mini Hausar da ta ce ta 'yan rediyo ce.

A 2022, bayan an sha ruwan da ya hallaka sama da mutum 600 a faɗin ƙasar nan, wani malamin firamare ya ba ni dama in gwada wasan da 'yan aji shida. Na raba su huɗu-huɗu a kan wayoyi biyar da na aro. A rukuni ɗaya yaron da ke riƙe da gidan tudu ya gano cewa zubar da shara a lambatu ba ya cin kuɗi, ya yi ta tara dukiya, a damina ta uku kwalbati ya toshe, gidan yarinyar da ke gangare ya rufta. Ta miƙe tsaye idonta ya kawo ruwa ta ce, "Malam, wallahi shi ne, na gan shi yana zubawa!" Na yi niyyar shiga tsakani, malamin ya riƙe hannuna. Sai muka ji sun ajiye wayar sun shiga shawara, suka yanke cewa duk wanda ya sake zubar da shara zai ba da kwana biyu na aikinsa, wanda ya ƙi kuma ba za a sa shi a adashe ba. Wasan ba shi da wurin yin doka, da baki suka yi ta, suka kuma tsare ta. A daren na fara rubuta sabon mataki, zaman ƙofar mai unguwa, wanda ake yi a ƙarshen kowace kaka, inda 'yan wasa suke kafa ƙa'ida da tararta da kansu. Daga baya ne na karanta cewa Elinor Ostrom, mace ta farko da ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe rayuwarta tana nuna cewa jama'ar da suka tsara dokar dajinsu ko ruwansu da kansu, suna sa ido a kan juna, sukan riƙe shi da kyau. 'Yan aji shida sun kai ga haka kafin a buga ƙararrawar tara.

Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, komai ya tashi, har tukunyar gas ɗin da na saya wa Inna da kuɗin aikina na farko aka tura ta ƙarƙashin gado aka dawo da kurfoti. Dole na koma na sauya farashi a cikin wasan, domin yara da kansu suka ce mai abincin tana samun gas da sauƙin da iyayensu ba sa samu. Tun daga nan matsayinta ya zama mafi wuya a cikin huɗun, kuma na bar shi haka.

Ba zan ce wasan ya gyara unguwarmu ba. Abin da ya tsayar da wasu manyan kwarurrukan Gombe, irin wanda ya ratsa ta jami'ar jiha zuwa Malam Inna, aikin injiniyoyi ne da siminti da manyan motoci da kuɗin Bankin Duniya, kuma babu gayyar da za ta iya wannan da cebur da buhu. Wannan ma na shigar da shi: idan kan kwari ya wuce wani zurfi, duwatsu da jema ba sa tsayar da shi, sai 'yan wasa sun haɗa kuɗin mota sun rubuta takarda sun yi ta zirga-zirga, kuma amsa takan ɗauki damina biyu ko uku, a cikinsu dole a ci gaba da riƙe abin da ya rage. Abin da ya faru a zahiri ƙarami ne. Mai unguwa ya ji labarin daga jikokinsa ya aiko a kira ni, na je na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, wasan yara ne kawai." Ya ce shi ba wasan ya dame shi ba, maganar rani uku ce. Da daminar ta zo muka karɓo tsirrai 20 kacal, aka rubuta kowanne da sunan gida, aka kewaye su da tsofaffin tayoyi da ƙaya, babu wanda ya ɗauki hoto. Goggo ta zaɓi tsamiya, ta ce ko ba ta sha kununta ba wani zai sha. Zuwa yanzu 16 suna tsaye.

A taswirar wasan, a bakin kwari ta gefen gabas, akwai wani ɗan ɗaki mai shuɗiyar ƙofa da awaki biyu a ɗaure a gabansa. Ba ya ba da maki, ba na kowa ba ne a cikin 'yan wasa huɗun, kuma a yawancin wasannin da na kalla a damina ta huɗu yake rufta. Goggo ta gane shi tun ranar farko, ta ce ƙofar tata ba ta kai wannan kyau ba.

Makon jiya wani malami daga Kumo, wanda ban san ta yadda wasan ya isa gare shi ba, ya turo mini saƙon murya cewa ɗalibansa sun kai damina ta tara sai wayar ta riƙa tsayawa cik tana fita daga wasan. Na kwana biyu ina neman dalilin ban gani ba, don a tawa wayar komai lafiya, sai na roƙe shi ya ɗauko mini hoton allon kafin ya tsaya. Da hoton ya iso na ga itatuwa sun cika bakin kwarin daga tudu har gangare, ɗakin mai shuɗiyar ƙofa yana nan a tsaye a tsakiyarsu, kuma zanen ganyen da yake kaɗawa a iska ya yi wa ƙaramar wayar yawa, abin da bai taɓa bayyana ba saboda babu wanda ya taɓa raya itatuwa masu yawan haka, har ni da na rubuta wasan. Na rage yawan ganyen kowane itace zuwa rabi, na hana na nesa kaɗawa, na tura masa sabon, kuma ya ce ranar Litinin za su ci gaba daga inda suka tsaya.